Ruwan da Ya Tare Mana Hanyar Hatta

Karama, Dubai
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga aminina Nasiru,

Assalamu alaika, Injiniya. Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma da wuya ka karanta ta, kai da saƙon waya in ya wuce layi uku sai ka kira mutum ka ce ya faɗa maka da baki. To yau ba ka da damar katse ni. Sau huɗu ina zama ina tashi kafin in iya rubuta sunanka. Na dafa shayi ya huce, na sake dafawa, na leƙa taga, na dawo ina gyara akwatunan da ba abin da ya same su. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba na iya zama wuri guda.

Bari in fara da labarin da zai fi yi maka daɗi. An yi ruwa a Dubai. Ba yayyafin nan da yake ɓata gilashin mota ya wuce nake nufi ba, ruwa sosai irin na tsakiyar damina a Kano, da tsawa da walƙiya. Ka tuna yadda muke tsokanar ka? Injiniyan magudanar ruwa a garin da ba a ruwa, muna cewa duk Dubai ba wanda ya kai ka hutawa, ka zana kwalbati ka koma ka yi barci. Kai kuma kullum ka ce mu bari, ranar tana nan tafe. To ta zo, kuma ba ka nan balle ka yi mana gori. Titin ƙofar gidanmu ya zama kogi, Indiyawan shagunan ƙasa suna kwarfe ruwa da bokiti, wani ya naɗe wando yana tura motarsa yana zagin kowa. Na tsaya ina kallo ina jin haushinka, wallahi, don na san irin dariyar da za ka yi.

Mutanen gida suna lafiya, gwargwado. Matarka Rabi ta koma koyarwa, ta ce zaman ɗaki yana neman haukata ta. Inna mahaifiyarka tana nan da ranta, sai dai idon ya ƙara lalacewa, yanzu da murya take gane mutane. Nan Dubai kuwa, abokinmu Alhaji Ilu ya buɗe shago na biyu a kasuwar Sabkha, tumbinsa ma ya ƙara reshe. Seidu ya bar aikin otal ya koma tuƙi, yana kai Turawa sahara su hau raƙumi, kuma har yau Hausarsa ta Kumasi tana nan yadda ka bar ta. Ni kuwa na rubuta takardar ajiye aiki a kamfaninmu na kago. Shekara goma sha uku ina auna kayan mutane ina manna musu takarda ina tura su jirgi, na ce ya isa haka. Matata Hadiza har ta sa an yi wa gidanmu na Kano fenti. Da komai ya tafi yadda na tsara, nan da mako biyu ina Kano.

Saura Yazid. Saboda shi nake rubuta maka.

Ɗanka ya zama mutum, Nasiru. Ya fi ka tsawo, ya tara ɗan gemu, yana zangonsa na ƙarshe a jami'a. Amma tun da ka rasu, wata goma sha shida ke nan, bai taka Najeriya ba. Sallah biyu ta wuce, hutu uku ya wuce. Duk Juma'a daga masallaci sai maƙabarta, bas biyu yake hawa kafin ya isa. Uwarsa ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Inna ta aiko a gaya masa ya zo ta shafa fuskarsa kafin ta bi ka. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: Baba ne ya zaɓi a binne shi a nan, shi kuma ba zai tafi ya bar shi shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Har aiki ya fara nema, kowane iri, ko tsaron shago ne, don kada bizarsa ta ƙare idan ya gama karatu.

Ka ji abin da yake faɗa? Wai kai ka zaɓa. Ni na saka masa wannan magana a baki, kuma kai kaɗai ka san daga inda na ɗauko ta.

Ka tuna yadda ka ja mu cikin wasan golf? Ka ce manyan ofishinku a filin golf suke yanke shawara, in mutum bai iya riƙe sanda ba sai dai ya ji labari ranar Lahadi in an koma aiki. Ka sayo tsofaffin sanduna a hannun wani Bature da zai bar gari, ka tattara ni da Ilu da Seidu ka ce mu zo mu zama manyan mutane. Filayen cikin gari masu koriyar ciyawa ba namu ba ne, sai ka samo mana wancan filin yashi na kan hanyar garin Hatta. A rediyo ƙwallon lambu suke ce wa wasan, mu kuwa filinmu ko tsiron ciyawa ɗaya babu. Kowa yana yawo da 'yar tabarmarsa ta ciyawar roba, faɗinta bai fi faranti ba, ya ajiye ta a kan yashi, ya ɗora ƙwallo, ya buga, ya ɗauki abarsa ya yi gaba. Kusa da kowane rami an kwaɓa yashin da baƙin mai don ya kwanta, kuma doka ce in ka gama ka ja tsintsiya ka share sawunka saboda na bayanka. Shekara huɗu muka yi, duk Asabar, kuma ba wanda ya iya a cikinmu. Kai ka fi kowa rashin iyawa, ka kuma fi kowa bayani.

A rami na bakwai ne. Ƙwallonka ya faɗa cikin kwarin nan mai laushin yashi, ka buga sau uku bai fito ba, sai ƙura kake tayarwa. Ni ina tsaye a bakin kwarin ina ba ka labarin wani bawan Allah da aka kawo gawarsa ma'ajiyarmu za a kai shi ƙasarsu. Takarda ɗaya ta maƙale, ya kwana goma sha ɗaya a cikin sanyi, daga ƙarshe muka ɗora akwatinsa a kan sikeli tsakanin kwalayen tayil da injin wanki, na rubuta nauyinsa da hannuna. Ka ɗago kai, gumi yana zuba, yashi har cikin gashin bakinka, ka nuna ni da sanda ka ce in ka mutu kada in kuskura in auna ka, in binne ka a nan cikin wannan kwarin, khalas, wato shi ke nan, tunda ka riga ka haƙa rabinsa. Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Seidu yana gefe yana neman ƙwallonsa, shi ma ya yi dariya. Ka buga na huɗu ya fito, muka wuce, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Wata biyar bayan nan ka faɗi a wurin aiki, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa.

Abin da ya biyo baya ba ka gani ba, bari in gaya maka. Muna tsaye a barandar asibiti, waya ba ta daina ƙara ba. Yayyenka sun ce a kawo ka gida. Inna ta ce a kawo mata ɗanta a kwantar da shi kusa da mahaifinsa. Yazid, yana ɗan shekara goma sha tara a lokacin, idonsa ja wur amma bai yi kuka ba, ya ce mini shi zai raka ka a jirgi, in nuna masa ofisoshin da ake bi. Ni kuwa na san ofisoshin, ɗaya bayan ɗaya na san su. Na san allurar da ake yi wa mamaci, na san akwatin da ake liƙewa, na san sikelin, na san hannun da zai rubuta nauyin. Sai na ji bakina yana cewa ka bar mini wasiyya. Na ce ka kira ni gefe, ka ce duk inda ajali ya same ka a nan za a rufe ka, kada a jinkirta. Na faɗe ta da fuskar da ake faɗar wasiyya. Ban ambaci kwari ba, ban ambaci dariya ba. Wa zai ja da maganar mamaci? Kowa ya amince. Washegari bayan azahar muka kai ka.

Na daɗe ina gaya wa kaina don kai na yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Malamai ma sun ce gaggauta binnewa shi ne daidai, na riƙe wannan na yi ta fakewa da shi. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga sauran. Na ji tsoron in sauka filin jirgin Kano da kai a cikin akwati, Inna ta tambaye ni yadda aka yi na bari. Kuma ban so ka tafi ka bar ni a garin nan ba. Tare muka zo, ɗaki ɗaya muka fara kamawa a unguwar Deira mu shida, kai ne kake rera mini waƙar banza in na tashi da kewar gida. A raina na ce ko a ƙarƙashin ƙasa kake, dai kana kusa. Ka ga son kai irin nawa? Kuma da na ajiye ka kusa ɗin, ban taɓa komawa ba. Ko sau ɗaya, Nasiru. Duk Juma'a ina da uzuri. Hanyar da ta bi ta kusa da maƙabartar ma na daina bi, gara in yi zagaye in shiga cunkoso.

Da Yazid ya tsane ni da abin ya zo mini da sauƙi. Amma yaron nan Baffa yake ce mini, yana kawo mini dabino in azumi ya zo, yana gaya wa abokansa cewa ni ne wanda babansa ya amince wa da maganarsa ta ƙarshe. Duk sanda ya faɗi haka sai in sauya zance.

To, Asabar ɗin da ta wuce ta sama. Alhaji Ilu ne ya ce ba zai yiwu in bar Dubai ba mu koma filin ko sau ɗaya ba, don tun rasuwarka ba wanda ya taɓa sanda. Muka shirya kamar da. Ilu ya sa aka yi mana dambun nama da fulas biyu na shayi, Seidu ya aro babbar mota, ni na sauko da jakarka daga saman kabad, na kakkaɓe ta, na sa a but ɗin motar. 'Yar tabarmarka tana cikin aljihun gefe inda ka saba cusa ta, gefe ɗaya ya cinye saboda yadda kake saran ƙasa. Na ce zan buga rami na bakwai da sandarka, in yi maka addu'a, shi ke nan na yi sallama. Ka ga dabara? Zan je in gaishe ka a inda ba ka nan, don kada in je inda kake.

Tun da muka fito gari ya yi baƙi ta gabas. Ilu ya ce burga ce kawai, hadarin Dubai ba ya cika alkawari. Ba mu yi nisa da barin gari ba aka tsuge. Abin share gilashi yana ta kai da kawowa amma ba ka ganin motar gabanka, kowa ya kunna fitilun haɗari yana rarrafe. Muka daure har muka fara hango duwatsu, sai ga 'yan sanda sun gindaya mota a hanya, wai kwarin da ke gaba ya kawo ruwa ya haye kwalta. Muka sauka gefe muna jira ko zai tsagaita. Seidu ya kira mai gadin filin, mutumin ya yi dariya ya ce filin ya zama tafki, in muna da kwalekwale mu zo. Muka zauna cikin mota muna cin dambu da hantsi, maza uku da furfura, sanye da hulunan hana sallah da fararen takalma. Ni kuwa na buɗe gilashi na rufe ya fi sau goma, har Ilu ya tambaye ni ko basir ne ya tashi.

Seidu ne ya kawo shawarar. Ya ce Yazid yana da wasan ƙwallo da ƙarfe uku, jami'arsu da wata jami'a, kuma filinsu na roba ne, ruwa ba ya hana su. Ya ce yaron ya sha gayyatar mu ba wanda ya taɓa zuwa. Sannan ya kalle ni ta madubi, ya ce shi dai yana nan a rami na bakwai ranar nan, kunnensa kuma lafiya lau yake. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wata goma sha shida mutumin nan yana ɗauke da abin a cikinsa, muna cin abinci kwano ɗaya, bai taɓa nuna mini ba. Ilu ya tambaya me ake ciki, Seidu ya ce ba komai, ya juya kan mota.

Kai ma ba ka taɓa zuwa kallonsa ba, ko? Ba gori nake maka ba, tare muka yi laifin. Wasanninsa duk ranar Asabar ne, mu kuma Asabar muna can muna saran yashi.

Da ka ga wurin da ka yi murna. Rumfa ɗaya ce tak, ɗalibai sun cure a ƙarƙashinta, 'yan Najeriya da 'yan Sudan da Indiyawa da wasu fararen yara da ban san ƙasarsu ba, wani yana dukan bokiti a madadin ganga, 'yan mata suna riƙe da kwali a ka. Muka kutsa da hulunanmu na golf, ana ta kallon mu kamar mun ɓata hanya. Yazid lamba huɗu yake sawa, a baya yake tsaro. Bai gan mu ba sai da Alhaji Ilu ya buɗe maƙogwaro yana ba shi umarni da Hausa, ya tare, ya share, ya karya ƙafar ɗan banza. Yaron ya waiwayo, ya tsaya cak a tsakiyar fili ruwa yana dukan sa, sannan ya ɗaga mana hannu biyu. Irin murnar da na gani a fuskarsa, na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya iya, Nasiru. Ba don ɗanka ba ne nake faɗa. Ba ya gaggawa, yana karanta inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta taso, kuma bakinsa ba ya rufuwa, yana ta tsara abokansa, kai matsa nan, kai koma can. Bayanin nan naka ne ya gada, sai dai shi nasa yana aiki. An ci su ɗaya kafin hutu, suka rama, saura minti kaɗan a tashi ƙwallo ta zame a hannun golansu saboda santsi aka ƙara musu. Ilu ya ce alƙalin wasa ne ya sayar da su, ya bi shi da Larabcinsa na kasuwa har bakin layi, sai da Seidu ya janyo shi. Ni rabin wasan ban gani ba. Na tashi na zagaya bayan rumfa, na dawo, na sake tashi, ina ta jera kalmomi a kaina suna rushewa.

Da aka tashi ya zo da gudu a jiƙe, ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya zo mota ina da saƙonsa. Seidu ya ja Ilu suka tafi neman shayi. Na buɗe but na nuna masa jakarka, na ce tasa ce. Ya zaro tabarmar yana juya ta a hannu yana murmushi. A nan, ƙarƙashin murfin but, ruwa yana ɗiga mana a wuya, na gaya masa komai. Kwarin, da sikelin, da dariyar, da abin da na mayar da ita a barandar asibiti. Na gaya masa ba ka zaɓi komai ba, ni na zaɓa.

Na zaci zai yi ihu, ko ya kai mini hannu, kuma da na karɓa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce in maimaita masa maganarka daidai yadda ka faɗe ta, kada in gyara. Na maimaita, har da khalas ɗin. Ya tambaya ko kana dariya lokacin. Na ce kana yi. Sai wata 'yar gajeriyar dariya ta kufce masa, don ya ji muryarka a ciki, sannan fuskarsa ta rufe. Ya daɗe yana kallon takalmansa. Da ya ɗago, abu ɗaya ya tambaye ni: yaushe rabona da zuwa wurinka? Bai jira amsata ba. Ya ce dama ya sani, don duk Juma'a sawunsa kaɗai yake tararwa, amma ya ɗauka ciwon rashinka ne ya hana ni. Ya cusa tabarmar a cikin rigarsa, ya bar sandunan, ya juya ya nufi tashar bas da takalman ƙwallo a ƙafarsa. Na kira sunansa sau biyu bai waiwayo ba.

Kwana tara ban ji daga gare shi ba. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na je bakin masaukinsu na zauna a mota na dawo. A ofis na manna wa kayan Kwatano takardar Bamako, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aiki. Ka gaya mini, Nasiru, wasa kake yi ranar nan ko da gaske kake? Akwai mutanen da ba sa iya faɗar abin da ke ransu sai cikin raha, kuma kai kana cikinsu. Wani lokaci in ce ai ka san abin da kake faɗa, ka ji labarin sikelin ya tsorata ka. Wani lokaci in tuna yadda kake zancen gonar mahaifinka da inda kake so ka gina ɗaki in ka yi ritaya, in ce wannan mutumin gida yake so. Na juya abin ta kowace fuska har kaina ya yi zafi. Kai kaɗai ne za ka raba gardamar, kai kuma ka yi shiru.

Shekaranjiya Litinin saƙonsa ya shigo. Babu gaisuwa, babu Baffa. Lambar layi, lambar kabari, da lokacin da ake rufe ƙofar maƙabarta. A ƙasa ya rubuta cewa ruwan nan ya zaftare gefenka na gabas, ya mayar da ƙasar da hannu amma tana buƙatar a riƙa dubawa, a tafi da ƙaramin shebur. Ka ji, Injiniya? Duk garin nan ka zana wa hanyar ruwa, naka makwancin ne ruwa ya samu.

Jiya ya tafi Kano. Seidu ne ya kai shi filin jirgi. Ya ce zai dawo ya rubuta jarrabawar ƙarshe, daga nan ya tattara ya koma gaba ɗaya. Rabi ta kira ni da safen nan tana kuka tana sa mini albarka, wai ta san ni na shawo kansa. Ban san abin da ya gaya mata ba, ban san abin da zai gaya wa Inna ba. Ita ma Inna ina da magana da ita, kuma ba ta waya ba ce. Seidu ya biyo ta nan da azahar ya miƙo mini leda. Tabarmarka ce a ciki. Wai Yazid ya ce a ba ni, ƙasar wurin tana da zafi in mutum ya cire takalmi, in riƙa tsayawa a kanta. Yafiya ce wannan ko hukunci? Na juya ta a hannu na rasa ganewa, wataƙila shi ma bai gama yanke shawara ba.

Ɗazu kafin in zauna rubutun nan na je wurin manajanmu na ce ya dawo mini da takardata ta ajiye aiki. Ya kalle ni kamar na zautu, ya ciro ta daga aljihun tebur ya ba ni. Na ce zan ƙara shekara ɗaya. Na kira Hadiza na gaya mata, ta ce fentin dai zai jira. Ba ta cancanci wannan ba, na sani, kuma ban san ko shekara ɗayar za ta tsaya a ɗaya ba. Amma yaron ya yi wata goma sha shida yana tsaron abin da ni na ɗaure, yanzu ya sauke, kuma daidai ne ya sauke. Ni na ajiye ka a nan. Ba zan hau jirgi in bar ka da lamba kawai a kanka ba.

Na sayi shebur ɗin, yana bakin ƙofa tare da tabarmar. Akwatunan ban kwance su ba tukuna, na kasa. In na yi daidai Allah Ya karɓa, in na zalunce ka ka yafe mini, kai da ba ka iya riƙe fushi ya kwana. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Jibi Juma'a. In an sauko daga masallaci ina nan tafe. Na makara ƙwarai, amma ka san hanyar ba ni da ita a ka, sai na bi lamba.

Naka har kullum,
Garba, abokin tafiyarka na rami na bakwai